Lome a kan keke: abin da baƙo zai gani kafin kayansa su fito

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, 'yan kasuwarmu da yawa sun karkata zuwa tashar jirgin ruwan Lome ta ƙasar Togo. To amma duk wanda ya je ya san sauran zancen: takardu ba sa fita a rana ɗaya. Sai mutum ya yi kwana da kwanaki a masauki, kuɗin guzuri na ƙarewa a hannun 'yan kabu-kabu, waɗanda can ake ce wa zemijan. Da na je, keken maigidan da ya sauke ni na ara, kuma wallahi ban yi nadama ba.

Bakin tekun Lome shimfiɗe yake kamar faifai. Babbar hanya ɗaya ce ta taso daga iyakar Gana, wato Aflawo, ta bi gaɓar ruwa har tashar jirgin ruwa, tafiyar kilomita kamar 10. Idan ka nufi tasha, teku na damanka, gari na hagunka, ka ga ɓata sai wanda ya so. Ka fita bayan sallar asuba, lokacin da masunta ke jan taru a kan rairayi ƙarƙashin itatuwan kwakwa, manyan motoci kuma ba su cika hanya ba. Da rana ta ɗaga, zafin can ba irin namu ba ne, gumi ne kawai ba ya bushewa.

A kan hanya za ka ratse zuwa babbar kasuwa, Asigame, inda matan nan da ake kira Nana Benz suka yi suna da cinikin atamfa. Nan fa sauka za ka yi ka tura, don cunkoson ya fi ƙarfin feda. Amfanin keke ke nan ga ɗan kasuwa: ka tsaya inda ka ga dama, ka tambayi farashi shago biyar, babu ɗan kabu-kabu da ke ƙirga maka lokaci. Kuɗinsu sefa ce irin tamu, babu wahalar canji.

Makiyaya, na san tambayarku. Kasuwar shanu tana arewa da gari, wajen Adetikope, Zango ma ta wannan ɓangaren yake, inda za ka ji Hausa kamar kana Maraɗi. Sai dai da ka haye tafkin da ya ratsa garin, hawa za ka fara, hanyar kuma ita ce ta tireloli masu tafiya Burkina. Ni dai ban ba kowa shawarar bin ta da keke ba, a shiga mota.

Abu biyu nake roƙo. Kada ka bar katin shaidarka a masauki, musamman idan za ka wajen Aflawo, don iyakar a cikin gari take. Sannan kada ruwan nan ya ruɗe ka. Wanda ya iya iyo a gulbi bai iya teku ba, igiyar ruwan Lome tana jan mutum ciki, ko da a gwiwa ruwan ya tsaya masa.

Kafin ka mayar da keken, ka goge shi ka ɗiga wa sarƙa mai, don iskar teku gishiri gare ta, tsatsa take sawa. Ni sai da maigidana ya nuna min tawa ta fara ja.