Me Ya Sa Shafinka Ke Daskarewa Idan Aiki Ya Yi Nauyi?

Yau hirar ta masu haɗa manhajar intanet ce.

A ce ka gina wa wata makaranta a Gwarzo ko Kabo shafin sakamakon jarabawa. Shugaban makaranta ya danna maɓalli don a tura wa iyaye 600 saƙon tes. Idan sabarka sai ta gama turawa kafin ta amsa, ka shiga matsala. In ba ka canza saiti ba, Gunicorn na kashe aikin da ya yi shiru na daƙiƙa 30, Nginx kuma daƙiƙa 60 yake jira. Sai wasu iyaye su samu, wasu shiru. Malam ya sake dannawa, kuɗin tes ya tafi sau biyu.

Mafita? Yi irin na mai injin niƙa: a ajiye ƙwarya a layi, a dawo anjima. Shafi ya karɓi buƙata, ya jefa ta layin jira kamar Redis ko RabbitMQ, ya amsa nan take da lamba 202, wato "an karɓa". Can a bayan fage Celery ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Masu Laravel kuwa, tsarin layin na nan a ciki.

Amma fa a kula: wuta na iya ɗaukewa ana tsaka da aiki. Duk lambar da aka tura wa, a rubuta a rumbun bayanai, don in an maimaita kada a sake tura mata.

Mu haɗu a shiri na gaba.