Majigi: kula da shi, da abin yi in ya ƙi aiki



Yau maganarmu bisa majigi ce. Tsofaffinmu sun san sunan tun zamanin Turawa, lokacin da mota ke shigowa gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, da dare a nuna ma mutane hoto mai motsi. Majigin wancan zamani babban inji ne mai zaren fim. Na yau ƙarami ne, mutum guda na rataya shi cikin jaka. Ana jona shi da kwamfuta ko da wayar hannu, shi kuma ya jefa hoto bisa bango. Makarantu da gidajen likita da ƙungiyoyin manoma suna aiki da shi. In garinku ya samu guda, dukiyar jama'a ce, kuma a hannun mutum ɗaya ake damƙa ta. Da wannan mutum muke magana yau. Sauran jama'a su ma su saurara, don wata rana aikin na iya faɗowa kansu.

Na taɓa zuwa wani ƙauye cikin jahar Tawa, lokacin hunturu. An tara mutane bayan sallar isha'i don a nuna fim bisa rigakafin yara. Mata sun bar aikinsu, mai gari ya zauna. Fim ya fara lafiya. Ba a yi minti 20 ba sai bango ya yi duhu. Aka sake kunnawa, ya sake mutuwa. Wasu suka ce an kawo musu ruɓaɓɓen kaya. Da na matsa kusa, sai na ga mai kula da majigin ya lulluɓe shi da zane, ido kaɗai ya bari waje. Yana tsare shi daga ƙura ne. Niyyarsa mai kyau ce, amma ya toshe ma na'ura numfashi. Muka yaye zanen, muka jira ya huce, fim ya tafi har ƙarshe. Sai dai rabin mutane sun riga sun watse.

Ku gane abin da ya faru. Cikin majigi akwai ƙwan lantarki, wanda wasu ke ce ma ampul. Ƙarami ne, amma haskensa ya fi na fitilar mota, zafinsa kuma ya isa ya ƙona hannu nan take. Don haka aka sa masa fanka a ciki. Fanka na jawo iska mai sanyi ta wasu ramuka, ta fitar da mai zafi ta wasu. In kun kai hannu gefen majigi yana aiki, za ku ji iska mai zafi na fita. In hanyar iskar nan ta toshe, zafi ya taru, sai majigi ya kashe kansa don kada ya ƙone. Ba lalacewa ya yi ba. Kansa ya ceta.

To, mu a ƙasarmu zafi da ƙura ba baƙi ba ne. Littafin da ke zuwa tare da majigi yakan ce kada a yi aiki da shi in zafin wuri ya wuce digiri 35, wasu 40. Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana a Yamai da Tawa da Damagaram yana wuce 40. Ɗakin kwano da tsakar rana ya fi haka. Saboda haka ku bar nuna fim sai dare ko da sassafe. Duhu ma ya fi fitar da hoto. Ku aza majigi bisa tebur, kada ku aje shi ƙasa cikin rairayi, kada kuma bisa katifa ko bargo, don wasu ramukan iska a ƙarƙashinsa suke. Ku bar fili kamar kamu guda tsakaninsa da bango ko kaya. Lulluɓi kuwa, sai bayan an gama kuma ya huce.

Ƙura aikinta a hankali take yi. A bakin ramin da iska ke shiga akwai ɗan soso ko raga mai tace iska, kamar yadda rariya ke tace gari. Masu gyara na ce masa filtir. Kullum ƙura na maƙalewa a jikinsa har ya toshe. Wanda ya rubuta littafin na'ura yakan ce a share shi bayan watanni. Shi bai san hazonmu ba. A ganina, da hunturu a share shi kowane mako, in ana aiki da majigin. Ga yadda ake yi. A kashe, a cire igiyar wuta, a jira ya huce. A zare murfin filtir, yawanci da hannu ake zare shi. A fita da shi waje, a kakkaɓe a hankali, a goge da burushi mai laushi, ko tsohon burushin haƙori busasshe. Kada a maida shi da laima. In ya yage, a nemi sabo, kada a kunna majigi babu shi. Wasu majigai ba su da filtir, su sai a goge ramukan iskar kawai. Kuma kada ku hura cikin na'ura da baki ko da famfon keke. Ƙurar ciki za ku tura, ta je ta zauna bisa gilasai, ku riƙa ganin tabo a hoto.

Idon majigi, wato gilashin da haske ke fitowa, shi ma yana son hankali. Ƙwayar rairayi guda na iya karce shi, kuma karcen ba ya gyaruwa. Kada ku goge shi da bakin riga, ko da yawu, ko da kananzir. Ku samu ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, ku aje shi don wannan aiki kaɗai. In an gama a rufe idon da murfinsa. Amma kafin a kunna a cire murfin, don zafin haske na iya narkar da shi. Ku hana yara leƙa idon majigi yana kunne. Hasken na cutar da ido.

Yanzu maganar kashewa. Nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna, saboda gaggawa. Fim ya ƙare, dare ya yi, sai a fizge igiya daga bango. Ƙwai na da zafi, fanka ta tsaya, zafin ya rasa mafita. Yadda ya kamata shi ne a danna maɓallin kashewa. Yawanci zai tambaya, sai a sake dannawa. Haske zai ɗauke, amma za ku ji fanka na ci gaba da juyawa minti ɗaya ko biyu. Ku jira ta yi shiru, sannan ku cire igiya. Ku bar shi ya sha iska kafin a sa shi jaka. Ƙwai mai zafi ba ya son girgiza, don haka kada a ɗora majigi bisa babur ko amalanke yana da ɗumi.

In wuta ta ɗauke tsakiyar fim, ba laifinku ba ne. Amma in ta dawo, majigi na iya ƙin kamawa. Kada ku yi ta dannawa. Ƙwan ba ya son kamawa da zafi. Ku ba shi minti 10.

Majigi na aiki da kuran mai ƙarfin bolt 220, irin na gidajenmu, kuma mai ƙwai yakan ci kusan wat 300. Abin da ba ya so shi ne wuta mai hawa da sauka. In kuna da regilater, wato akwatin da ke daidaita ƙarfin wuta, ku bi ta cikinsa. A ƙauye da injin wuta ake aiki, wanda muke ce ma gurup. Ku duba mai tun da rana, don kada ya ƙare fim na tafiya. Ku tada inji, ku bari muryarsa ta daidaita, sannan ku jona majigi. In an gama, majigi ake fara kashewa, inji daga baya. Kada a haɗa majigi da firji ko injin walda bisa inji guda. Inji kuma ya zauna waje, nesa da jama'a. Hayaƙinsa na kashe mutum cikin rufaffen ɗaki. Da damina, in hadari ya taso da walƙiya, a kashe a cire igiyoyi duka.

Ƙwan majigi yana da kwanakinsa. Yawancinsu na yin awa 2000 zuwa 5000. Mu yi lissafi tare. In kuna nuna fim awa 2, sau 3 a mako, awa 6 ke nan. A shekara, 6 sau 52, awa 312. Ƙwai mai awa 3000 zai kai ku shekara 9 da ɗoriya. Kun ga, in ƙwanku ya mutu cikin shekara guda, ba tsufa ya kashe shi ba. A duba zafi da ƙura da wuta. Majigi da kansa na ƙirga awoyin, ana ganin lambar in an danna MENU. A nan ma akwai wurin da aka rubuta ECO. In an zaɓe shi haske na ɗan raguwa, ƙwai ya ƙara kwana, kuma da dare ba za ku ga bambanci sosai ba. Akwai sababbin majigai da ba su da irin wannan ƙwai, masu fitilar LED ko leza. Su suna kai awa 20000. Ƙananansu na LED ba su cin wuta da yawa, batirin sola na iya riƙe su. Amma su ma da fanka suke numfashi.

Ƙwai in ya tsufa, hoto na dusashewa, ko ya riƙa kyarma. A canza shi kafin ya fashe. Ba kowane ƙwai ke shiga kowane majigi ba. Ku juya na'urar, ku kwafi sunanta da lambarta cikin takarda, harafi bayan harafi, ku ba mai tafiya birni. Wajen canzawa a cire igiya, a jira awa guda, kada a taɓa gilashin sabon ƙwai da yatsa, don maiƙon hannu na sa shi fashewa. Cikin ƙwan akwai zaiba, guba ce. In ya fashe za ku ji ƙara. A fitar da mutane, a buɗe ƙofa da tagogi rabin awa. Kada a kwashe ɓaraguzan da hannu tsirara. Tsohon ƙwai a naɗe shi a maida ma mai gyara, kada a jefa shi bisa juji inda yara ke wasa.

To, in jama'a sun taru, majigi ya ƙi, me za ku yi? Kada ku ruɗe. Ku bi hanyar wuta tun daga bango, kamar mai bin sawun dabba.

In babu ko ɗan haske bisa na'urar, wuta ce ba ta iso ba. Ku jona fitila ko cajin waya a ramin nan ku gani. Ku matsa igiya ta shiga sosai ta baki biyu. Ku shafa ta, ko kusu ya ci. In kuma da rimot kuke dannawa, wataƙila batirinsa ne ya mutu, ku danna maɓallin da ke jikin majigi.

In wuta ta iso, ku dubi ƙananan fitilun da ke samansa. A nan karatunku zai yi muku rana. Akwai rubutu kusa da kowace. Inda aka sa T, E, M, P, zafi ake nufi. In ta yi ja, a duba ramukan iska da filtir, a kuma saurara ko fanka na juyawa. Inda aka sa L, A, M, P, ƙwai ake nufi.

Wani lokaci haske na fitowa, bango ya yi shuɗi, amma babu fim. Majigi lafiya lau yake, hoto ne bai iso masa ba. Ku duba igiyar hoto. Iri biyu aka fi samu: HDMI mai siririn baki, da VGA mai shuɗin kai da allurai 15. Ku danna SOURCE har majigi ya koma ƙofar da kuka jona igiyar. In kwamfuta mai Windows ce, a danna maɓalli mai zanen taga tare da harafin P, a zaɓi nuna hoto wuri biyu. Ku sani VGA hoto kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar murya. In babu sauti, sai an jona lasifika daban. In kuma hoto ya rine, fuskokin mutane suka koma kore ko ja, sau da yawa allura guda ce ta lanƙwashe ko igiyar ta yi sako-sako. Ku gwada wata igiya kafin ku zargi na'ura.

Hoto mai dishi-dishi, a juya zoben da ke kewaye da ido har rubutu ya fito tsaf. Hoto mai faɗin kai da tsukakken gindi, majigi ne ya ɗaga kai da yawa, a ƙara ma tebur tsawo ya fuskanci bango sosai.

Akwai ciwon da ya fi ƙarfinku. Fararen ɗigo kamar taurari da ke ƙaruwa a hoto, ko tabo rawaya da ba ya gushewa, ko warin ƙuna, ko fanka mai kuka ko wadda ta tsaya. Waɗannan na mai gyara ne. Kada ku kwance jikin majigi. Ko an cire igiya, wuta na saura a ciki, kuma tana iya bugun mutum.

Ku sayi ɗan kaye ku aje cikin jakar majigi. Duk ranar da aka yi aiki, a rubuta kwanan wata da awa nawa. Ranar da aka share filtir, a rubuta. In ya yi ciwo, a rubuta wace fitila ta kama, wane launi, kuma bayan minti nawa ya mutu. Da wannan kayen za ku tafi wurin mai gyara, ku karanta masa da bakinku.