Ƙidayar Ƙananan Halittu A Cikin Lakar Ruwan Ƙazanta

'Yan'uwa manoma, a manyan birane akwai wuraren da ake tara ruwan masai da na wanka domin a tsabtace shi. Abin da ke kwantawa a ƙasa shi ne laka, kuma manoma da yawa suna yin taki da ita. Ya kamata mu san abin da ke cikinta.

Lakar nan cike take da ƙananan halittu da ake kira bakteriya, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Yawancinsu ma'aikata ne, su ke cinye ƙazantar. A birnin Manchesta na Ingila aka gano a 1914 cewa in ana hura iska cikin ruwan, ana kuma komar da lakar ciki, aikinsu yakan yi sauri.

To, yaya ake sanin irinsu nawa ne? A dā akan shafa ɗan laka a faranti mai abinci, a jira su hayayyafa, a ƙirga. Amma yawancinsu ba sa tsira a faranti. Yanzu ana duba ƙwayar gadonsu. Kowane iri yana da tasa shaida a jikinta, kamar yadda makiyayi ke sa wa shanunsa alama. Na'ura takan karanta alamun ta rarraba su.

Abu biyu ake aunawa: yawan ire-iren, da yadda suka rarrabu. Gona mai gero da dawa da wake daidai wa daida dabam take da gonar da gero ya cinye, wake ƙwaya biyu. Inda ire-ire suke da yawa, in guba ta kashe wani, wani yakan ɗauki aikinsa.

A 2019 masana sun ba da sakamakon lakar da suka auna daga wurare 269 a ƙasashe 23. Sun ƙiyasta ire-iren sun kai wajen miliyan dubu, amma 28 kaɗai ake samu kusan ko'ina.

Sai dai a lura. Wannan awo ba ya rarrabe mai rai da matacce, ba ya kuma ƙirga ƙwan tsutsar ciki. Saboda haka ba ya nuna cewa laka ba ta da cuta. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2006 ita ce, a ƙasa mai zafi a ajiye kashin masai fiye da shekara 1 kafin a kai gona, a kuma bar wata 1 tsakanin zuba shi da girbi. Lakar da ruwan majema ya shiga kuwa, ku guje ta, gama ajiya ba ta kawar da gubar da ke cikinta.

In ƙungiyarku za ta sayi irin wannan taki, ku tambayi inda ya fito da daɗewarsa a ajiye. Rigakafi ya fi magani.