Damina Da Yoyon Mota: A Nemo Kafa Kafin A Nemi Gam

Da zarar hadari ya soma haɗuwa a gabas, magidanci mai lura yakan hau soro ya share indararo, ya yaɓe inda ya tsage. Amma sau da yawa ba ya tunawa da motar da ke ƙofar gida, sai ran da ya shiga zai tafi ofis ya ji ƙafarsa a kan jiƙaƙƙiyar darduma. Ga ma'aikacin da ya ci bashi ya sayi mota, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin ruwan da ya kwanta ƙarƙashin kafet yana cin dukiya ne a ɓoye.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin bazara yakan busar da robobin ƙofa da na gilashi har su tsattsage. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya kuwa sukan toshe ƙananan magudanan da aka yi wa mota. Kafin ruwa ya kankama a watan Agusta, an riga an buɗe masa hanya. Ba tsofaffin motoci kaɗai abin ke sama ba, irin su Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Motocin yanzu ma sun fi shan wahala, saboda wayoyi da na'urorin lantarki da ake bi da su ƙarƙashin kafet da kujeru.

Abu na farko shi ne a tabbatar da irin ruwan. Idan ana samunsa bayan an yi ruwan sama ko an wanke mota, to daga waje yake. Idan kuwa garau yake, yana taruwa a ƙafar fasinjan gaba ko da ba a yi ruwa ba, galibi bututun da ke zubar da raɓar na'urar sanyaya mota ne ya toshe. Amma idan yana da launi da santsi da ɗan ƙamshi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to hita ce ta huje. Wannan ruwa guba ne, ba a ɗanɗana shi, kuma sakaci da shi yana iya ƙona inji.

Babban kuskuren masu motoci shi ne zaton inda aka ga ruwa nan ya shigo. Ruwa yakan bi waya ko lungun ƙarfe ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Saboda haka ne ake ganin mota an laɓta mata gam kewaye da gilashi, amma yoyo yana nan daram.

Binciken kansa ba ya bukatar kuɗi, sai mutum biyu da haƙuri. A fitar da dardumai, a goge ciki ya bushe. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗayan kuma ya riƙa zuba ruwa a hankali da mesa ko buta. Lalle ne a fara daga ƙasa a yi sama, ana dakatawa 'yan mintoci a kowane wuri, domin in an fara daga rufi ko'ina zai jiƙe, ba za a gane kafar ba. Hoda ko alli da aka barbaɗa inda ake tuhuma za su nuna sawun ruwan.

Wuraren da suka fi yoyo sanannu ne. Akwai kwarin da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa, wanda in ya cika da shara sai ruwa ya malala ciki ta kafar iska. Akwai ƙofa, wadda dama ruwa yakan shiga cikinta ta gefen gilashi ya fita ta ƙananan ramuka a gindinta. In ramukan sun toshe, ko kuma mai gyara ya yage ledar da ke bayan marfin ƙofar bai mayar ba, sai ruwan ya juyo cikin mota. Ana gwada robar ƙofa da takarda: a rufe ƙofa a kanta a ja, in ta zare ba wuya, robar ta saki. Motoci masu rufi mai buɗewa suna da bututai a kusurwoyi, waɗanda ake sharewa da abu mai laushi, ba da ƙarfen da zai huda su ba. A but kuwa, a duba robar fitilun baya da ramin safaya.

In an gano kafa, magani ya zo da sauƙi. Magudana sharewa take so. Robar da ta mutu a sake ta, ana samun irinta a kasuwannin kayan mota kamar Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Gilashin da ya saki kuwa, aikin gwani ne ya cire shi, ya kankare tsatsa, ya sake ɗaura shi da gam ɗin da aka yi domin haka.

Bayan gyara, wajibi ne a ɗaga kafet a shanya soson da ke ƙarƙashinsa, domin yakan riƙe ruwa makonni alhali sama ta bushe. Barinsa haka shi ke kawo wari, da fumfunar da ke tayar wa masu asma ciwo, da lalacewar wayoyi, da tsatsa. Daɗin daɗawa, ƙasan motar da tsatsa ta huda yana iya shigo da hayaƙin salansa, wanda ke ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, mai sa direba jiri ko ma halaka.

Sa'a guda da mai mota zai ɓata a watan Mayu yana share magudana da duba robobi, ta fi masa sauƙi bisa kwanakin da motar za ta yi a wurin mai walda. Rigakafi dai ya fi magani.