Labarin Makaɗan Alabama Da Faifan Da Ya Buɗe Musu Kasuwa

Ku sani, a ƙasar Amurka akwai wani irin kiɗa na mutanen karkara da ake ce wa kantiri, babbar kasuwarsa kuwa ita ce birnin Nashbil. A da, al'adar dillalan faifai na birnin nan ita ce su ɗauki mawaƙi guda su ɗaukaka sunansa, makaɗa kuwa sai dai a yi hayarsu. A ganinsu ƙungiya ba ta ciniki.

To, akwai waɗansu samari uku 'yan dangi ɗaya daga garin Fort Payne cikin jihar Alabama: Randy Owen da Teddy Gentry, waɗanda suka tashi a gonakin auduga, da Jeff Cook. A shekarar 1973 suka tafi bakin teku, garin Myrtle Beach, suka kama kiɗa a wata mashaya mai suna Bowery. Shekara bakwai, kowane lokacin zafi, suna yi dare shida a mako, ladarsu kuwa abin da masu sauraro suka jefa musu. A nan suka gane abin da jama'a ke so, gama wanda bai ji daɗi ba ko anini ba ya bayarwa.

A 1977 suka ɗauki sunan Alabama, suka sa hannu a takardar wani kamfanin faifai. Kamfanin ya karye, sai ga wani sharaɗi cikin takardar ya hana su yi wa kowa aiki. Sai da suka tara kuɗi suka fanshi kansu.

A 1980 kamfanin RCA ya karɓe su, ya fitar da faifansu My Home's in Alabama. Waƙar Tennessee River da ke cikinsa ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, daga ita har waƙa 21 a jere babu wadda ta kasa kai wannan matsayi. An sayar da faifan nan fiye da miliyan 2. Feels So Right na 1981 ya kai miliyan 4, Mountain Music na 1982 ya kai miliyan 5. Ganin haka, dillalan da suka ƙi ƙungiya jiya suka shiga nemanta ruwa a jallo.

Abin lura ga mai ciniki biyu ne. Na fari, hukuncin haja yana bakin mai saye, ba bakin dillali ba. Na biyu, kada a sa hannu a takarda sai an karanta sharuɗɗanta duka.

Haza wassalam.