YAWON ƘAFA DA IYALI A DUWATSUN JIHAR FILATO

Mutanenmu na da da ƙafa suka san ƙasarsu. Fatake sun ratsa daji da jakunansu, makiyaya sun bi burtali, almajirai sun yi gabas neman ilmi. Yau kuwa mota ta rage mana nisa, amma ta rage mana gani, har ya zamana yaro ya girma a Kano ko Ibadan bai taɓa tsayawa bisa dutse ya hangi ƙauyuka a ƙarƙashinsa ba. An shirya wannan bayani ne domin magidantan da ke son fita da iyalinsu yawon buɗe ido a duwatsu da tafkunan Jihar Filato, don su san inda ya dace da yara, su kuma san abin da za su kiyaye. Tafiya mabuɗin ilmi ce, amma sai an koma gida lafiya ake ba da labarinta.

Yanayin ƙasar

Birnin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku. Gabas da shi, wajen kilomita 10, akwai duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, watau ƙafa 6,000. Duk hawan mita 1,000 da mutum ya yi, zafi kan ragu da kimanin digiri 6, shi ya sa baƙon da ya fito daga Sakkwato ko Maiduguri kan nemi bargo a Jos. Daga wannan tudu ne manyan koguna irin su Kaduna da Gongola suka samo asali. Yaron da ya ga ɗan rafin da ake tsallakewa da taki ɗaya, aka ce masa irinsa ne ke haɗuwa ya zama kogin Kaduna, ya sami darasin labarin ƙasa da ba zai manta ba.

Yadda ake zaɓen hanya

Ƙa'idar farko ita ce, ƙafar ƙaramin yaro ita ce ma'aunin tafiya, ba ƙafar maigida ba. Saboda haka a ɗauki abin daki daki.

Masu ƙananan yara da tsofaffi su fara da Gandun Namun Daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 8 ne, akwai hanyoyi a cikinsa da inuwar itatuwa, kuma yana gefen gari, in wani ya gaji ana iya komawa nan da nan.

In yara sun kai shekara bakwai ko takwas, sai a gwada gindin duwatsun Shere ta wajen Lamingo, inda aka datse ruwan da mutanen Jos ke sha. A nan ana tafiya tsakanin manyan duwatsu da gonaki, ana hangen ruwa daga sama, ba tare da hawa mai wuya ba. Haka kuma duwatsun Riyom, kimanin kilomita 25 daga Jos a hanyar Akwanga, inda aka ga duwatsu sun hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Kallonsu ake yi daga ƙasa, ba a barin yara su hau. Gaba a wannan hanya, wajen Hawan Kibo, akwai magangarar ruwa ta Assop.

Hawa ƙololuwar Shere kuwa na samari ne da 'yan mata masu ƙarfi, kuma lalle sai da ja-gora. A cikin waɗannan duwatsu ne makarantar horon hawan dutse ta hukumar da aka fi sani da Man O' War take, wadda aka fara a 1951 a bakin teku kusa da garin Limbe na ƙasar Kamaru, lokacin ana kiransa Victoria. In matasan da aka kawo horo ba sa hawa sai da malami, ina ga baƙo mai goyo?

Ruwan da ke kwance

Yawancin iyaye dutse suke tsoro, alhali kuwa ruwa ya fi dutse haɗari a wannan ƙasa. Dalilin haka yana cikin tarihinta. Tun wajen 1904 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a tudun Jos, suka yi shekaru da dama suna ƙwaƙule ƙasa da manyan injuna. Da aikin ya ja baya, musamman bayan faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985, sai aka bar ɗaruruwan ramuka ba a cike ba, ruwan sama ya cika su. Su ne kududdufan da matafiyi ke gani a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, shuɗi ko kore, a kwance lumui, gwanin sha'awa.

Irin wannan kududdufi ba kamar tafkin ƙauye ba ne da ake shiga a hankali daga idon sawu zuwa gwiwa. Gefensa a tsaye yake kamar bangon rijiya. Taki ɗaya ruwa na ƙauri, taki na biyu ya shanye mutum. Ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, gaɓarsa kuma tana zaftarewa, ga sanyin da kan ɗaure jijiyar ko da gwanin iyo. An sha yin asarar rayuka a cikinsu, yawanci yara da samari. Saboda haka kada a bar yaro ya yi wanka, ko wasa, ko ɗaukar hoto a bakinsu. In tsautsayi ya sa wani ya faɗa, kada wanda bai iya ceto ba ya yi tsalle ya bi shi, don kada gawa ta zama biyu. A kwanta rub da ciki a miƙa masa sanda ko zane ko rawani, ko a jefa masa jarka maras kome a rufe, a yi kururuwar neman taimako.

Ban da wannan, ruwan da ba ya gudu yakan ɗauki cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini. Akwai kuma ƙananan ramuka masu zurfi da masu haƙa da hannu ke bari, ciyawa ta rufe bakinsu. Maganinsu ɗaya ne, a bi turbar da mutanen wurin ke bi, babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya.

Lokaci da guzuri

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe. Da damina, watau daga Afrilu zuwa Oktoba, dutse kan yi santsi, rafi kan cika farat ɗaya ko da ba a ga ruwan ya sauka a wurin ba. In aka ji cida, a sauka daga tudu nan take, kada a fake ƙarƙashin itacen da ke tsaye shi kaɗai.

A fita da sassafe bayan an karya kumallo, a juyo kafin azahar. In rabin ruwan sha ya ƙare, tafiya ta ƙare, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba. Kowa ya sa takalmi mai rufe ƙafa, ban da silifa, a riƙe rigar sanyi da hula. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli guzuri ne maras nauyi. A hana yara zura hannu cikin kogon dutse saboda maciji da kunama. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A hana shi motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. A kuma gargaɗe su game da ƙyaranar da ake shinge da ita a ƙauyuka, domin ruwanta fari yana ƙona ido.

Haƙƙin masu ƙasa

Duwatsun nan suna da masu su. Birom da Afizere da Anaguta da sauransu suna noman acca da dankalin Turawa a tsakaninsu, kuma akwai wuraren da suke girmamawa bisa al'adarsu. Baƙo ya yi sallama, ya nemi izini wurin mai unguwa, kada ya ratsa gona, kada ya tada wuta, kada ya bar leda ko kwalba.

Har wa yau, tun daga 2001 an sha samun tashin hankali a wasu sassan jihar, ciki har da ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi. Wajibi ne maigida ya tambayi 'yan sanda da mutanen wurin halin da ake ciki kafin ya ɗauki iyalinsa, in an ce a dakata ya dakata. Ya shaida wa wani inda za su da lokacin komowarsu, domin waya ba ta samuwa ko'ina cikin duwatsu. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Wanda ya kiyaye waɗannan, ya fara da gajeriyar hanya bana, baɗi ya ƙara. Sannu ba ta hana zuwa, kuma yaron da aka koya wa tafiya da lura yau, shi ne zai ja ƙannensa gobe.