Gwafar Maharbin Barewa: Wace Iri Za A Zaɓa?

Waɗansu samarinmu 'yan zango da ke zaune nan Ingila sun fara bin Turawa farautar barewa, sun kuwa tambaye mu batun sandar nan da a kan ɗora wa bindiga. Mu dai gwafa mu ke ce mata. Kada kowa ya raina ta, gama a kanta halaccin naman ya rataya.

Ga dalili. A ƙasar nan ba a farautar barewa da ganga da taron karnuka irin ta gida, sai sanɗa. Mutum ya kan shiga daji da asuba ko da almuru, yana laɓaɓawa, iska na bugun fuskarsa. A tsaunukan Sikotilan a kan yi rub da ciki a harba, amma cikin kurmi ciyawa ba ta bari, tilas a yi harbi a tsaye. Wurin da a ke nufi kuwa, watau zuciya da huhu, bai kai faɗin faifai ba. Hannu ya yi rawa kaɗan, harsashi ya sami ciki, dabba ta gudu da azaba. To, dokar barewa ta 1991 ta hana harbi tun daga sa'a guda bayan faɗuwar rana har sa'a guda kafin fitowarta a Ingila da Wales, sai da izini na musamman. Wanda ya karanta Risala kuma ya sani, abin da ka harba ya ɓace maka har ya kwana, ba a ci. Ga wahalar dabba, ga hasarar nama.

Mai ƙafa ɗaya ba ta da nauyi, tana taimakon tafiya cikin taɓo, amma bindiga ta kan yi lilo hagu da dama. Mai ƙafa biyu ta fi ta. Mai uku tana tsayawa da kanta, sai dai kafa ta a kan gangara aiki ne, barewa kuwa ba ta jira.

Mu a ganinmu mai huɗu ce ta ɗan koyo. Gwafa biyu ce haɗe, ɗaya ta tallabe gaban bindiga, ɗaya gindinta, har a iya harbi daga yadi 100 kamar an jingina da katanga. Aibinta ɗaya, in dabba ta gusa gefe, juya ta sai an saba.

Wajen saye, a duba tsawo tukuna. In an buɗe ta, bindiga ta zo daidai kafaɗa ba tare da an sunkuya ko an yi ɗage ba. Sa'an nan a girgiza ta kusa da kunne, domin ta ƙarfe mai ƙwaranƙwam ta kan sanar da dawa zuwanka. A gwada buɗe ta da hannu ɗaya, da safar hannu, gama sanyin Disamba ba ya barin yatsu su yi aiki. Itacen bindiga a ke ɗorawa, ba ƙarfen ba, in ba haka ba harsashi ya kauce.

Marar kuɗi kada ya ji kunya. Turawa da yawa sandunan tokare shuka su ke saye a kantin kayan lambu, su ɗaure da roba, su naɗe wurin gwafar da tsumma. Ko wace ce aka samu, a fara kai ta filin koyon harbi, a gwada a kan takarda, tukuna a yi bisimilla a kan mai rai.